Cimar Akwatin Baba

Akwatin Baba yana zaure har yau, nan Ƙaura Namoda,
sifika biyu, kowace ta kai tsayin ɗan yaye.
Daga Kaduna ya sayo shi da kuɗin sallama
lokacin da jirgi ya rage kuka a tasha.
A kansa ya ɗauko shi tun daga bakin titi,
bai yarda da ɗan dako ba.

Lafiyarsa lau. Cima ce ta ƙare masa.
Kaset duk sun tsufa,
wannan ya kumbura, wancan zare ya tsinke,
na gaji da cusa biro ina naɗe hanjin waƙa.

Sai na nufi rumfar Lawali mai gyara.
Ya ture dalma gefe, ya share benci da hula,
ya ce, "To Barmo, mi kaka so?
Zamani ya kawo tuwo kala-kala."

Na fara da bulutut.
Kwana biyu ina sarauta daga kan tabarma,
yatsa ɗaya, ganga ta tashi.
Daren na uku ana tsakiyar kalangu waya ta yi ƙara,
muryar Gwaggo Kulu daga Shinkafi
ta fito ta sifika biyu, garau,
tana tambayar kuɗin geron bara.
Har mai shayin ƙofar gida ya san nawa ne.

Lawali ya ce, "Sa data mana.
Kogi ne, ka sha har ka bar wa jikoki."
Na ce kogin wa?
Ban manta shekarar da aka rufe layi ba,
muna hawa mota mu ƙetare jiha
don kawai mu ce, kuna lafiya?
Ko yanzu, mawaƙi na ɗaga murya sai ya daskare,
wani ɗan zobe na juyawa, na juyawa,
kamar akuya a turke.
Ni ba na son kiɗan da sai an ba shi izini daga nesa.

Faifan sidi fa?
Ƙarzuwa ɗaya, gwani ya koma mai in'ina.

Saura memori, ɗan mitsitsi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba.
Yaron shago ya ce zai loda min dubu biyu kafin la'asar.
Waƙa dubu biyu!
Wadda na sani a ciki ba ta kai goma ba.
Baba kaset goma sha tara ya mallaka,
kuma ya san inda kowane mai kiɗi yake jan numfashi.

Na ciro guda daga aljihu, mai jan tambari.
Na ce, wannan za a juye min, da 'yan'uwansa.
Lawali ya saka, muka yi shiru.
Shuuu, kamar ruwa a kan kwano,
sai gurmi, sai amshi,
sai ƙwas, waƙa ta yanke:
"Kai Barmo! Sauke hannunka daga nan!"
Dariyar Inna daga madafa. Ludayi ya faɗi. Zakara.
Sai gurmi ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Ina shekara shida na danna jan maɓalli.
Na sha dukan da ban manta ba.

Lawali ya ce, "Kwamfuta na iya yanke wurin ga,
ta wanke shuuu ɗin, ya fito tas."
Na ce, bar shi da dattinsa.

Ya dasa wa akwati ɗan baki sabo a gefe,
rami ɗaya, fitila kore.
Na biya, ban nemi ragi ba, abin da ban saba ba.

Wuta ta zo bayan isha'i.
Na zura memori, gurmi ya cika zaure.
Asabe, autata, ta rarrafo,
ta dafa katako ta miƙe,
ta kai yatsa wajen fitilar nan kore.

"Sauke hannunka daga nan!"

Ta janye da sauri,
ta waiga ƙofa
tana neman mai maganar.